Haraji Tsakanin Haƙƙin Hukuma Da Haramcin Dukiyar Mutane

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya arzikin bayinsa a cikinta, ya kuma hana su zaluntar juna. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a watan Yuni na shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara wasu daga cikinsu su soma aiki daga watan Janairu na 2026. Tun kafin a kai ga sa hannun gardama ta kaure, musamman a Arewa, kuma yawancinta a kan rabo ta tsaya, watau wace jiha za ta sami nawa. Alhali kuwa akwai tambayar da ta riga ta rabo, ita ce: da wane haƙƙi hukuma take sa hannu a cikin dukiyar da mutum ya yi gumi ya tara, kuma ina iyakar wannan haƙƙi? Wannan magana ta shafi addini kai tsaye, domin abin da aka karɓa daga hannun mutum ko dai halas ne ga mai karɓa ko haram, wanda kuma ya ƙi bayarwa ko dai haƙƙinsa yake karewa ko na jama'a yake dannewa. Manomin masara a Doguwa, da mai shago a Kwanar Dangora, da direban da ke ɗauko shinkafa daga Tudun Wada zuwa Kano, kowannensu yana da ruwa da tsaki a cikin amsar.

RA'AYIN MASU 'YANCIN KASUWA

Akwai wata mazhaba ta masana tattalin arziki a Turai da Amurka wadda ta daɗe da amsarta a hannu. Ana kiransu masu ra'ayin 'yancin kasuwa, kuma suna jingina kansu ga Adam Smith, mutumin Sikotlan, wanda ya wallafa littafinsa a kan arzikin al'ummai a shekarar 1776. Hujjarsu ta farko ita ce dukiya ta wanda ya neme ta ce, saboda haka duk abin da hukuma ta cire daga cikinta ragi ne ga 'yancinsa. Ta biyu, haraji mai nauyi yana kashe himma, domin manomin da ya san rabin amfanin gonarsa na wani ne ba zai ƙara kunya ko ɗaya ba. Ta uku, wadda Milton Friedman na Amurka ya fi kowa yaɗawa, ita ce mutum yakan yi tattali idan kuɗinsa yake kashewa a kan kansa, amma wanda ke kashe kuɗin wani a kan wani bai damu da tsadar abin ba, bai kuma damu da kyansa ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, in ji su, kullum a wannan matsayi yake. Daga nan suka yanke cewa a rage haraji, a rage abin da gwamnati ke kashewa, a sayar da kamfanoninta, a janye tallafi, a bar mai saye da mai sayarwa su daidaita tsakaninsu.

Wannan ra'ayi ya hau karagar mulki da zuwan Uwargida Margaret Thatcher a Ingila a 1979 da Ronald Reagan a Amurka a 1981. Reagan ya tarar ana cire wa masu babban samu har kashi 70 cikin 100 na ƙarshen abin da suka samu, ya bar mulki abin ya sauko zuwa kashi 28. Guguwar ta iso Nijeriya a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, daga baya aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati. Janye tallafin man fetur da aka yi ran 29 ga Mayu, 2023, reshe ne na wannan itaciya.

Wani abin da mai karatu zai so ya sani shi ne, da Reagan ya tashi kafa hujja a gaban 'yan jarida a watan Oktoba na 1981, sunan malamin Musulunci ya kama, watau Abdurrahman Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya yi alƙalancin Malikiyya a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ibnu Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa daula a farkon tashinta takan ɗora wa mutane kaɗan ta tara da yawa, idan kuwa ta tsufa, jin daɗi ya yi wa masu mulki yawa, sai ta ɗora da yawa ta tara kaɗan, domin talakawa sun yanke ƙauna daga cin moriyar aikinsu, sun saki noma da fatauci.

INDA SUKA YI GASKIYA

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kashi mai yawa na wannan magana Shari'a ta riga su faɗinsa. A huɗubar Hajjin Ban Kwana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera dukiyar Musulmi tare da jininsa da mutuncinsa a cikin abubuwan da aka haramta taɓawa. Asali ke nan, kuma bai keɓe sarki ko hakimi daga cikinsa ba. Sa'ad da ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman ya karɓi zakka, ya gargaɗe shi kada ya zaɓi mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Idan zakka, wadda Allah da kansa ya farlanta, an ja wa mai karɓarta kunne haka, ina ga harajin da mutum ya ƙaga da alƙalaminsa? Abin da Larabawa ke kira makasu, watau kuɗin da ake tare ɗan kasuwa a hanya ko a bakin kasuwa a karɓa ba bisa haƙƙi ba, hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna yana cikin manyan zunubai. Haka kuma da kaya suka yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi ya yanka musu farashi, bai yarda ba, ya nuna musu yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya.

Ko a cikin zakkar kanta akwai lura da wahalar mai nema. Hatsin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda kuwa aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar na mai jawo ruwa da inji yana sayen mai, ɗaya cikin ashirin ne. Wanda amfaninsa bai kai nisabi ba, watau wusƙi biyar, ba a karɓar kome daga gare shi. Zakkar kuɗi kuwa ɗaya cikin arba'in ce, sau ɗaya a shekara. Ƙayyadadden abu ne, sananne, wanda mai karɓa ba shi da ikon ƙara shi don ya ga mai bayarwa ya sa sabuwar riga.

A ƙasar Hausa ma maganar ba baƙuwa ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa ba da izinin Shari'a ba, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa, da abin da ake ɗiba daga kayan masu sayarwa a kasuwa. Nauyin haraji yana cikin abubuwan da suka sa makiyaya da manoma suka amsa kiran jihadin 1804.

Wannan yanki na kudancin Kano yana da shaidarsa a kan abin da ɗan kasuwa ke iya yi idan an bar shi. A garin Bebeji aka haifi Alhaji Alhasan Ɗantata a 1877, a zuriyar Agalawa mafatauta. Ya tashi a fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, sa'an nan ya shiga sayen gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ana ƙirga shi mafi arziki a Afirka ta Yamma. Babu wata ma'aikata da ta zana masa hanya, gane kasuwa da riƙon amana suka kai shi. Ita kuma gyaɗar da ta ɗaukaka shi ta zama shaida a kan ɓarnar haraji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita ke yanka wa manomi farashi, ta sayar a Turai da tsada, ta riƙe bambancin. Ba a kira wannan haraji ba, amma haraji ne, kuma shekara da shekaru ya fi wanda dagaci ke karɓa nauyi. Manoma suka riƙa tsallakar da gyaɗarsu zuwa Nijar, ko su ba mata su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Da fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, sai suka tarar da noman da ya riga ya raunana, dalar gyaɗa ta Kano kuma ba ta sake tsayawa ba. Abin da Ibnu Khaldun ya faɗa ke nan, ya auku a gaban idon mutanen da har yanzu wasunsu na raye.

INDA RA'AYIN YA GAZA

To, amma labarin Ɗantata yana da wani ɓangare. Gyaɗar da ya tara ba a kan jaki ta isa bakin teku ba. Jirgin ƙasa ne ya kai ta, hanyar jirgin kuwa, wadda ta iso Kano a 1911, gwamnati ce ta gina ta da kuɗin jama'a. Kafin zuwanta babu ɗan kasuwar da zai ci riba da kai gyaɗa Ikko, kuma babu attajirin Kano, kome dukiyarsa, da zai iya shimfiɗa dogo shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misalin da ya fi wannan kusa yana nan a ƙasar Bebeji. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamnanta, ya riƙe ta har 1975. Shi ya tsaya aka gina madatsar Bagauda, sa'an nan aka datse Kogin Kano a Tiga, aikin da aka kammala a 1974, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kusan mita kubik miliyan 2,000. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ƙasar da a da take kwance tun daga kaka har saukar damina ta koma ba da alkama da shinkafa da tumatir da albasa a tsakiyar rani. Ruwan wannan kogi ne kuma ake tacewa a Tamburawa don mutanen birnin Kano su sha. Duk kwandon tumatir da aka ɗora wa mota daga wannan yanki zuwa Kudu ciniki ne na 'yanci tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma da ba a datse ruwan ba da babu cinikin. Wane kamfani ne a shekarar 1970 zai zuba dukiyarsa ya tare kogi don dubban ƙananan manoma, ya jira shekara talatin kafin ya ga kuɗinsa? Haka nan lokacin da 'yan fashi da ɓarayin shanu suka addabi hanyar da ta ratsa dajin Falgore, babu fasinja ko mai mota da ya jira kasuwa ta kawo masa tsaro.

Abin mamaki shi ne malaman da masu wannan ra'ayi ke kafa hujja da su ba su musa haka ba. Adam Smith da kansa ya ɗora wa hukuma ayyuka uku: tsaron ƙasa, da tsai da shari'a, da gina abubuwan amfanin jama'a waɗanda ba za su taɓa mayar wa mutum ɗaya kuɗinsa ba. Ibnu Khaldun kuwa yana da wani fasali wanda ba a cika jin 'yan siyasa suna ambato ba, inda ya nuna cewa hukuma ita ce babbar kasuwa wadda sauran kasuwanni ke sha daga gare ta, idan ta ƙulle hannunta ta daina kashewa sai ciniki ya yi sanyi, harajin da take tarawa shi ma ya ragu. Reagan ya ɗauki rabin maganar. Ya rage haraji, bai iya rage kashewa ba, bashin da ke kan Amurka ya ninka kusan sau uku a cikin shekarunsa takwas, bashi kuwa haraji ne da aka jinkirta wa 'ya'ya da jikoki.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan nauyi. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Abu Hanifa, a littafinsa Kitabul Kharaji wanda ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya ba da shawara a karɓi harajin ƙasa gwargwadon abin da gona ta bayar, ya kuma ce haƙar manyan magudanan ruwa daga baitulmali za a biya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙarsa Usulus Siyasa zuwa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya raya garuruwa da kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji a cikin wajibin shugaba. Ban da wannan, Musulmi ba ya iya cewa dukiyarsa tasa ce shi kaɗai babu haƙƙin kowa a ciki, domin wannan ita ce da'awar Ƙaruna, kuma Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana zakka. Kasuwar da Annabi ya ƙi yanka wa farashi ita ce kuma ya hana ɓoye abinci a cikinta, ya hana algus, ya hana tare ƙauyawa a hanya a saye kayansu kafin su san farashin gari.

MADATSA DA OTAL

Ke nan gwamnati ta kashe kuɗi duk inda ta ga dama? Bagauda kanta ta ba da amsa. Gwamnatin da ta gina madatsar ita ce ta gina ƙasaitaccen otal a bakin tafkin, ta gina wani a Tiga. Yau ruwan Tiga yana nan yana ciyar da mutane, otal ɗin Bagauda kuwa bai ɗore a matsayin otal ba, gininsa ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Bambancin a fili yake. Datse kogi aiki ne da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa, kuma amfaninsa ya game mai kuɗi da matalauci. Saukar da baƙi da dafa musu abinci kuwa sana'a ce da masu ita suka fi ma'aikacin gwamnati iyawa, domin shi albashinsa na zuwa ko ɗakuna sun cika ko babu kowa. Ibnu Khaldun ya keɓe fasali guda a kan cewa shigar sarki cikin kasuwanci cuta ce ga talakawa, hasara ce kuma ga baitulmali. A nan masu 'yancin kasuwa suka fi gaskiya.

Ita madatsar ma ba kyauta ta zo ba. An ta da ƙauyuka daga gonakin kakanninsu kafin ruwa ya rufe wurin, mutanen fadamun Hadejia da Nguru kuma, waɗanda nomansu da sunsu da kiwonsu suka dogara ga ambaliyar shekara-shekara, sun ga ruwansu ya ragu. Su ma sun biya haraji, ko da yake ba a rubuta musu rasit ba. Sa'an nan gini yana bin mai shi bashin kulawa. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawan gaske, madatsar Bagauda ta fashe, ta yi ɓarna a gonaki da gidaje. Magudanan da ke ɗauko ruwan Tiga suka yi shekaru suna cikewa da laka da ciyawa, har sai da aka ciyo bashi daga Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin da aka amince da shi a 2014 kafin a yi musu babban gyara. Buɗe sabon aiki yana da kiɗa da taro, yashe magudana kuwa ba mai yi masa guɗa, shi ya sa kasafin kuɗi yakan manta da shi.

SHIN ZAKKA BA TA ISA BA?

Wani zai ce, tun da Allah ya farlanta zakka, duk abin da aka ɗora bayanta makasu ne. Amsa ita ce zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina hanya ko gada da ita ba. A mazhabar Malikiyya ma babu zakka a kan tumatir da albasa su kansu. Da a ce zakka kaɗai za a karɓa, da manomin rani ya sha ruwan Tiga bai ba da ko kwabo don gyaran magudanar da ta kawo masa shi ba.

Saboda haka manyan malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, Bamalike na Andalus, suka halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka, amma da sharuɗɗa masu tsauri: buƙatar ta zama ta gaskiya kuma ta jama'a, baitulmali ya kasa ɗaukarta, a karɓa gwargwadon buƙata daga masu hali, shugaban ya zama adali, a kuma kashe abin a inda aka ce. Tarihi ya adana yadda aka yi aiki da wannan. Gab da yaƙin Ainu Jalut na shekarar 1260, mayaƙan Tattar sun riga sun rushe Bagadaza suna fuskantar Masar, Sarki Ƙuɗuz ya nemi fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirya runduna. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami ya amsa masa cewa hakan ya halatta, amma sai bayan baitulmali ya ƙare, sarakunan yaƙi kuma sun sayar da kayan zinariya da adon da ke hannunsu, sun daidaita da talakawa. Abokan gaba na bakin ƙofa, duk da haka malamin bai sassauta ba. Shugaban da zai ce wa talaka ya ƙara ɗaure ciki, sai a fara ganin ragi a jerin motocinsa.

Abin da ya fito daga duk wannan shi ne, tun da asalin dukiyar mutum haramci ne, to, hujja tana kan mai karɓa. Talaka ba shi ne zai kawo dalilin da zai sa a bar masa kuɗinsa ba, hukuma ce za ta kawo dalilin da zai sa ta taɓa su, naira bayan naira. Wannan ma'auni ya fi na masu 'yancin kasuwa tsanani, domin su yawan harajin suke aunawa, Shari'a kuwa tana tambayar dalilinsa da makomarsa. Ƙaramin haraji da ya ƙare a aljihun mai shinge a kan hanyar Tudun Wada haram ne kome ƙanƙantarsa. Babban haraji da ya koma ruwa a magudana ko magani a asibitin Ƙiru yana iya zama halas. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

HARAJIN DA BA A GANI

A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, ya cika burin da Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka daɗe suna fafutika a kai. Dattawa ba su manta da yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin kai ba. Aibin irin wannan haraji shi ne ba ya bambanta mai garke da mai akuya ɗaya, kuma da Uwargida Thatcher ta ɗora wa mutanen Ingila irinsa a 1990 sai tarzoma ta tashi, kafin shekarar ta ƙare ta bar mulki.

Sai dai kuma wani abu ya biyo baya wanda ya kamata a yi tunani a kansa. Da kuɗin man fetur suka zama abin dogaron gwamnatoci, ana rabo daga asusun Tarayya wata-wata, sai mai mulki ya daina jin yana buƙatar talaka, talaka kuma ya daina jin kuɗinsa ne ake kashewa. Daga nan aka sami mummunar fahimtar nan cewa dukiyar gwamnati ba ta da mai ita. Alhali kuwa talaka bai daina biya ba. Yana biyan harajin kayayyaki na VAT, wanda aka soma da kashi 5 cikin 100 a 1994 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020, a duk katin waya da buhun siminti da ya saya. Yana biya a farashin hatsi, domin abin da aka karɓa daga direba a shingaye a kan mai saye yake ƙarewa. Yana kuma biya idan darajar naira ta faɗi, abin da ya ajiye don auren 'yarsa ya narke a hannunsa ba tare da kowa ya zo ƙofar gidansa ba. Sababbin dokokin 2025 sun yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, wannan kuwa ya yi kama da hikimar nisabi, amma bai taɓa waɗannan harajin ɓoye ba.

Saboda haka nauyi ya hau kan kowane ɓangare. Mai mulki, tun daga kansila har shugaban ƙasa, wakili ne a kan dukiyar da ba tasa ba, wajibi ne ya bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi, tun kafin ranar da za a tambaye shi babu akawu a gefensa. Mai karɓa ya tuna da Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka wanda ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya tsawatar, ya nuna da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Mai biya kuma kada ya fake da satar wasu ya halatta wa kansa ƙarya da ba da toshiya don a rage masa, domin wanda ya ba ma'aikaci rabi a ɓoye ya taimaka wajen gina ɓarnar da yake kuka da ita. Manomin da ya sha ruwan madatsa ya biya abin da aka yanka masa na gyaran magudana, ya karɓi rasit, sa'an nan shi da 'yan ƙungiyarsa su je su tambayi ranar da za a yashe ta. Malamai kuma da limamai, kamar yadda suke karantar da mutane nisabin zakka, ya kamata su karantar da su cewa tambayar shugaban ƙaramar hukuma inda kason wata ya shiga, cikin ladabi da hujja, yana cikin nasihar da addini ya yi umurni da ita.

Allah ya ba shugabanni tsoronsa a cikin amanar da ke wuyansu, ya sa albarka a noma da kiwo da kasuwancin talakawa, ya tsare kowa daga cin haƙƙin da ba nasa ba. Allah shi ne mafi sani.